Ƙwayar da Ke Barci a Jikinmu: Tarihin Binciken Toksoplasma Kafin HIV da Bayan Zuwanta

  Yau ma tarihi za mu taɓa, sai dai ba na sarauta ko na yaƙi ba. Tarihin wata ƙwayar cuta ne da ido ba ya gani, da na mutanen da suka shafe fiye da shekara 100 suna bin sawunta.

Bari mu fara daga abin da muka saba gani a rubuce-rubucenmu. Magidanci yana zaune lafiya, sai ciwon kai ya sa shi gaba kwana da kwanaki. Daga nan ya fara mantuwa, yana sambatu, halinsa ya canza. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, ya farfaɗo ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Idan marubuci ya kawo labari nan, yawanci hanya biyu ce a gabansa: ko wani ɗan uba ya yi sammu, ko kuwa iska ce. Ba mu zo yin gardama da abin da mutane suka yi imani da shi ba. Amma waɗannan alamomi suna da dalilai da dama da likitoci suka sani, kuma ɗaya daga ciki shi ne ciwon toksoplasma na ƙwaƙwalwa. Ya fi kama mutumin da ƙwayar HIV ta ci garkuwar jikinsa, sau da yawa ma bai san yana ɗauke da ita ba. Ana warkewa idan an kai mutum asibiti da wuri, yana kuma kisa idan aka yi jinkiri.

Abin da ya ja mu ga wannan tarihi shi ne wata tambaya guda da ta yi ta dawowa a cikinsa. Duk lokacin da masu bincike suka tsaya kallon masu ciwo kaɗai, sai su yi kuskure ko su tsaya cik. Duk lokacin da aka waiwaya aka ce, to waɗanda ba su da abin fa, sai wata ƙofa ta buɗe. Mu riƙe wannan tambaya, za mu haɗu da ita sau da yawa kafin mu kai ƙarshe.

DAGA TUNIS ZUWA NIYOK

A shekarar 1908, a cibiyar bincike ta Pasteur da ke Tunis, likitoci biyu Faransawa, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suna aiki a kan wata cuta dabam mai suna leshmaniya. Suka duba sassan jikin wata 'yar dabba mai kama da gafiya da ke zama a duwatsun Afirka ta Arewa, wadda ake kira gundi. A ƙarƙashin madubin likita suka ga wata ƙwaya lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata. Da farko sun ɗauka leshmaniyar ce. A wannan shekarar kuma, wani likita ɗan asalin Italiya, Alfonso Splendore, ya ga irinta a jikin zomo a birnin Sao Paulo na Burazil. A 1909 Nicolle da Manceaux suka tabbatar sabuwa ce, suka raɗa mata suna Toxoplasma gondii. Farkon sunan daga kalmar Girkanci ce mai nufin baka, saboda lanƙwasarta; ƙarshensa kuwa sunan dabbar ne, gundi, aka rubuta shi da ɗan kuskure, kuskuren ya zauna har yau.

Kusan shekara 30 ana yi mata kallon cutar dabbobi. A 1923 wani likitan ido a birnin Prag, Josef Janku, ya ga wasu ƙwansuna a cikin idon wani jariri da ruwa ya taru masa a kai har ya rasu, amma ba a ankara da muhimmancin abin ba. Sai a 1939 likitoci uku a Niyok, Abner Wolf da David Cowen da Beryl Paige, suka wallafa labarin wata jaririya da ta fara jijjiga kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta rasu tana da wata ɗaya. Suka ga ƙwayar a ƙwaƙwalwarta da idonta, suka sa wa dabbobin gwaji, su ma suka kamu. Daga nan aka san cutar mutane ce, kuma uwa na iya sa wa ɗan da ke cikinta.

A wancan lokaci an ɗauka cuta ce da ba kasafai ake samunta ba, kuma duk wanda ta kama sai wani ikon Allah. Dalili kuwa, ba a ganinta sai a jikin waɗanda ta kashe.

GWAJIN DA YA JUYA LISSAFI

A 1948 Albert Sabin da Harry Feldman suka ƙirƙiro gwajin jini na farko da za a dogara da shi. Wannan Sabin ɗin shi ne dai mai ɗigon rigakafin shan-inna da ake bi gida-gida ana ba yaranmu. Gwajin nasu mai sauƙin fahimta ne. A ɗauki ƙwayar da ranta, a haɗa ta da ruwan jinin mutum, a ɗiga shuɗin rini. Idan mutumin bai taɓa haɗuwa da ita ba, sai ta sha rinin ta yi shuɗi. Idan kuwa ya taɓa, jininsa na da sinadaran kariya da za su farmake ta, sai ta kasa shan rinin.

Da aka fara gwada lafiyayyun mutane, sai lissafi ya juya. Manoma da ma'aikata da matan gida, waɗanda ba su taɓa kwanciya ciwo ba, da yawansu jininsu ya nuna sun taɓa kamuwa. A yau ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna ɗauke da ita. Ashe jaririyar Niyok ba ita ce ainihin fuskar cutar ba. Ita ce mafi munin abin da kan faru ga 'yan kaɗan.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwayar ta shiga jiki, takan hayayyafa da sauri na 'yan makonni. Yawancin mutane ba sa jin komai, wasu kan yi ɗan zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, ya wuce. Garkuwar jiki takan ci ƙarfinta, amma ba ta gamawa da ita. Sai ƙwayar ta naɗe kanta cikin ƙwanso, ta kwanta a ƙwaƙwalwa da tsoka, wani lokaci da ido, har iya rayuwar mutum. Muddin garkuwa na tsaye, tana nan a kulle. Haɗarin ga lafiyayyu ya fi yawa a wuri biyu: macen da ta kamu karon farko tana da ciki, da kuma ciwon ido da kan rage gani. Shi ya sa Ostiriya tun 1975, da Faransa tun 1978, suka mai da gwajinta wani ɓangare na awon ciki.

An kuma samu magani da wuri. A 1953 Don Eyles da Nell Coleman suka nuna cewa haɗa pirimetamin da sulfadayazin ya fi kowannensu shi kaɗai aiki. Pirimetamin shi ne Daraprim, wanda a Najeriya aka riƙa kira Sande-Sande domin duk Lahadi ake shan sa don kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ba abin mamaki ba ne, toksoplasma da ƙwayar maleriya dangi ɗaya ne. Sai dai maganin yana kashe wadda ta farka ne kawai, ba ya taɓa wadda ke cikin ƙwanso. Mu tuna da wannan.

TA INA TAKE SHIGA?

Wannan tambaya ta ci shekara 62. Zato na farko ya faɗa kan nama. A 1960 aka nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin ƙwanson na iya tsira daga ruwan narkar da abinci na ciki. A 1965 Georges Desmonts da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a wani asibitin yara masu tarin fuka a Paris. Yaran da ke kamuwa a shekara sun tashi daga kashi 10 cikin 100 zuwa kashi 50 da aka ƙara musu naman sa ko na doki da bai dahu sosai ba, suka kai kashi 100 da aka ƙara naman ɗan rago. A yau babu hukumar da za ta yarda a yi wa yara irin wannan gwaji, amma ya tabbatar da hanyar nama.

To, waɗanda ba sa cin nama fa? Tun 1959 wani bincike a Bombay ta Indiya ya nuna cewa waɗanda ba sa cin nama kwata-kwata suna ɗauke da ita kusan daidai da masu ci. Kuma tumaki da awaki, da ciyawa kaɗai suke ci, daga ina suke samu? Dole akwai wata hanya.

A 1965 William Hutchison na Jami'ar Strathclyde da ke Glasgo ya gano cewa kashin kyanwa na iya sa wa ɓeraye cutar. Amma ya ɗauka ƙwayar na ɓuya ne a cikin ƙwan wata tsutsar ciki da kyanwar ke da ita. Sai wasu suka gwada kyanwoyin da ba su da tsutsar, suka ga su ma kashinsu na yaɗawa. A 1970 ƙungiyoyin masana da dama, ciki har da Jacob Frenkel da J. P. Dubey da Nancy Miller a Kansas ta Amurka, da shi Hutchison ɗin kansa, suka bayyana cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai ƙwayar ke yin barbara, ta fitar da ƙwai ta kashi. Binciken Gordon Wallace a ƙananan tsibiran tekun Fasifik ya ƙarfafa wannan: inda akwai kyanwoyi cutar ta yawaita, inda babu su da wuya a same ta.

Kada wannan ya sa mu tsani kyanwa. Takan kamu ne ta cin ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, kuma yawanci mako ɗaya zuwa uku kawai take zubar da ƙwan. Ƙwan ba ya zama haɗari sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje, amma daga nan yakan iya wuce shekara a ƙasa mai laima. Saboda haka shafa kyanwa ba shi ne babbar hanya ba. Hanyoyin su ne ƙasa da ta taɓa hannu ta kai baki, ganye irin su latas da kabeji da ba a wanke ba, naman da cikinsa ke ja, da ruwan sha. A 1995 an samu ɓarkewarta a birnin Victoria na Kanada, aka bi diddigi aka gano daga ma'ajiyar ruwan shan garin ne.

1981: DA BANGO YA TSAGE

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan labari, ƙadangaren ya riga ya shiga tuntuni, yana kwance a ɗaki. Tun kafin HIV, likitoci sun lura toksoplasma kan farka a jikin masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa dashen sassan jiki, domin magungunansu na raunana garkuwa. Amma ba su da yawa.

Ranar 5 ga Yunin 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoton samari 5 a Los Anjeles da suka kamu da wani ciwon huhu mai suna numosistis, wanda ba a saba gani ba sai ga mai raunin garkuwa. A 1982 aka sa wa sabon ciwon suna AIDS. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier da abokan aikinsu a cibiyar Pasteur ta Paris suka ware ƙwayar, wadda aka sa wa suna HIV a 1986. A 1986 ɗin ne kuma Najeriya ta ba da rahoton mai ciwon na farko.

Abin da HIV ke yi shi ne cinye wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara yaƙin garkuwar jiki. Lafiyayyen mutum na da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake amfani da shi. Idan suka sauka ƙasa da 200, cututtukan da jiki ya saba riƙewa sukan fara samun dama. Idan suka sauka ƙasa da 100, ƙwanson toksoplasma kan fashe, ƙwayar ta ci gaba daga inda ta tsaya shekara 10 ko 20 baya, ta yi gyambo a ƙwaƙwalwa. Daga nan ne ciwon kai da ruɗewa da jijjiga da shanyewar ɓarin jiki ke fitowa. Benjamin Luft da Jack Remington na cikin waɗanda suka fi yin rubutu a kan wannan a shekarun 1980. Kafin zuwan magungunan HIV masu ƙarfi, a cikin waɗanda garkuwarsu ta faɗi sosai, suna ɗauke da toksoplasma, ba sa kuma shan maganin kariya, kusan ɗaya cikin uku kan kamu da ciwon ƙwaƙwalwar cikin shekara guda.

Likitoci suka koyi wata dabara. Maimakon a fasa kai a ɗebo tsoka don gwaji, idan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tabo masu kama da zobe, jini kuma ya nuna tsohuwar kamuwa, sai a fara magani kawai. Idan toksoplasma ce, yawancin marasa lafiya kan nuna sauƙi cikin mako biyu. Idan ba a ga sauƙi ba, sai a nemi wani dalili, kamar tarin fuka da ya hau ƙwaƙwalwa ko ciwon daji.

Ba toksoplasma kaɗai ke da wannan hali ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka. Ga wanda ba shi da HIV, yiwuwar ta zama ciwo kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne a tsawon rayuwarsa. Ga mai HIV da ba ya shan magani, irin wannan haɗari na iya zuwa a shekara ɗaya tak. Haka wani naman gwari mai suna kiriptokokus, da ke cikin ƙasa da kashin tsuntsaye: mutane na shaƙarsa ba ya yi musu komai, amma ga mai raunin garkuwa yakan zama sanƙarau mai kisa. Ƙwaya ɗaya, makoma biyu.

ABIN DA YA SAMI 'YAN HAITI

Akwai wani babi mai ɗaci da ya kamata marubuci ya sani. A Yulin 1982, CDC ta ba da rahoton 'yan Haiti 34 mazauna Amurka da suka kamu da irin waɗannan cututtuka, ciki har da toksoplasma ta ƙwaƙwalwa da tarin fuka. A 1983 aka sa 'yan Haiti gaba ɗayansu cikin jerin masu haɗarin ciwon. Ba don wani abu da suka aikata ba, sai don ƙasar da suka fito. Mutane suka rasa aiki da gidajen haya, masu yawon buɗe ido suka ƙaurace wa Haiti. Sai a 1985 aka cire su daga jerin. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana su ba da jini a 1990, dubun dubatarsu suka yi tattaki a kan gadar Brooklyn ranar 20 ga Afrilu, kuma kafin shekarar ta ƙare aka janye hanin.

Me ya sa ciwonsu ya yi kama da na dabam? Domin HIV ba ta zuwa da cututtukanta a jaka. Abin da ta tarar a jiki shi take kwancewa. Wanda ya tashi a inda toksoplasma da tarin fuka suka yawaita, su za su fara tashi a jikinsa. Haka aka gani tsakanin Amurka da Faransa. A Amurka kusan mutum ɗaya cikin 10 ne ke ɗauke da toksoplasma a ƙididdigar baya-bayan nan. A Faransa kuwa, a 1995, kashi 54 cikin 100 na masu juna biyu suna da ita. Shi ya sa ciwon ƙwaƙwalwar ya fi yawa a cikin masu AIDS na Faransa. Da an fara da tambayar abin da ke jinin lafiyayyun mutanen kowace ƙasa, da ba a ɗora wa wata al'umma laifi ba.

ABIJAN TA BA DA AMSA

A farkon lamarin, kusan duk abin da aka sani game da AIDS daga asibitocin Amurka da Turai ya fito, inda ciwon huhun numosistis ya fi kisa. Shin haka abin yake a Afirka? A 1993 Sebastian Lucas da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken gawarwaki da suka yi a Abijan ta Kwaddebuwa. Suka tarar cewa a cikin manya masu HIV da suka rasu, abu uku ne suka kashe fiye da rabi: tarin fuka, ƙwayoyin bakteriya da suka shiga jini, da toksoplasma ta ƙwaƙwalwa. Numosistis kuwa kaɗan aka gani. Ashe littafin likitancin da aka rubuta a can bai dace da ɗakin marasa lafiya na nan ba.

A daidai lokacin, likitoci a ƙasashen Yamma sun lura cewa masu shan kotirimokzazol, wanda muka fi sani da Septrin, domin kariya daga numosistis, ba su cika kamuwa da toksoplasma ba. Magani ne tsoho, mai arha. Amma an yi ta shakkar ko zai yi amfani a Afirka. Sai aka yi gwaji biyu a Abijan, aka wallafa su a mujallar The Lancet a 1999, ɗaya ƙarƙashin Xavier Anglaret, ɗaya ƙarƙashin Stefan Wiktor. Aka raba masu HIV gida biyu, wasu na shan maganin kullum, wasu na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. A gwajin Anglaret, munanan cututtuka da kwanciya asibiti suka ragu sosai. A na Wiktor, wanda aka yi a kan masu HIV da tarin fuka tare, mace-mace suka ragu da kusan rabi. A 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNAIDS suka ba da shawarar a riƙa ba masu HIV a Afirka wannan magani.

Babban sauyi shi ne haɗin magungunan da ke danne HIV kanta, wanda ya fito fili a 1996. Idan aka danne ta, CD4 kan sake hawa, garkuwa ta mai da toksoplasma cikin ƙwansonta. Najeriya ta fara shirin raba magungunan a 2002, ta mai da su kyauta a 2006. A 2015 gwajin TEMPRANO, shi ma a Kwaddebuwa, da wani mai suna START, suka nuna cewa fara magani da wuri ya fi jira, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda aka samu da HIV magani nan take. A 2017 kuma gwajin REALITY a Yuganda da Zimbabuwe da Malawi da Kenya, a kan mutum 1,805 da CD4 ɗinsu ke ƙasa da 100, ya nuna cewa ƙara magungunan kariya daga tarin fuka da naman gwari da sauransu ya rage mace-mace a mako 24 na farko daga kashi 12.2 zuwa 8.9 cikin 100.

A GIDA, DA YADDA AKE KARANTA ALƘALUMA

An yi irin wannan kwatance a Jos da Legas da Zariya. Na Zariya, wanda Dimie Ogoina da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, ya gwada jinin manya masu HIV da na lafiyayyu marasa ita. A kowane ɓangare, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya nuna alamar kamuwa da toksoplasma, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta kai a gina hukunci a kanta ba.

A nan ne marubuci kan yi tuntuɓe. Idan muka karanta cewa kashi kaza na mutane "suna da toksoplasma", ba ana nufin suna kwance ba. Gwajin yana neman sinadaran kariya iri biyu. IgG kamar tabo ne, yana nuna an taɓa haɗuwa, ko da shekara 20 ne baya. IgM yawanci alamar sabuwar kamuwa ce. Mai ciwon ƙwaƙwalwar da ya zo ta dalilin HIV galibi IgG ake samu a jininsa, domin tsohuwa ce ta farka. Da a ce masu HIV kaɗai aka gwada a Zariya, da kanun labari ya ce cutar kyanwa ta addabi masu ƙanjamau. Gwada lafiyayyu shi ya nuna cewa abin na jikin kowa, mu da muke karanta wannan ma. Bambancin kawai, wani garkuwarsa na tsaye, wani ta faɗi.

Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 13 ne ke ɗauke da HIV da toksoplasma tare, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A Najeriya, ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da HIV. Waɗanda ciwon ƙwaƙwalwar ke kamawa a yau galibi su ne waɗanda ba su yi gwaji ba sai da garkuwa ta ƙare, ko suka fara magani suka daina. Magani na nan. Abin da ke hana mutane zuwa, tsoro da kunya da tsangwama na ciki.

INA RUWAN MARUBUCI?

Ruwanmu a nan yake, domin tsoro da kunya da kalmomi ake gina su. Kalmar ƙanjamau daga ƙanjamewa take, ta sa mutane na zaton sai wanda ya rame ya zama ƙashi da rai ne mai ita. Alhali mutum na iya kasancewa da ƙibarsa, CD4 ɗinsa ya yi ƙasa, ciwon kai ne zai fara fallasa lamarin. Laƙabi irin su "kabari salamu alaikum" sun fito ne a zamanin da babu magani. Wanda ya sa su a bakin likita a labarin da ke faruwa yau, ya yi kuskuren tarihi na fiye da shekara 20.

Sannan mu duba yadda muke amfani da ciwon a matsayin bulala. A labarai da yawa, HIV ita ce hukuncin da ake yanke wa mazinaci a babin ƙarshe. To matar da aka auro tana budurwa fa, da jaririn da aka haifa da ita, da wanda aka ƙara wa jini? Idan mai karatu ya koya daga gare mu cewa ciwon shaidar lalata ne, ranar da ƙaninsa ya fara sambatu zai fi masa sauƙi ya ce sammu ne da ya kai shi gwaji. Makonni biyun da magani ke bukata kafin a ga sauƙi a nan suke salwanta.

Kuma ta fuskar fasaha ma, gaskiyar ta fi daɗin labari. Ga gida an rabu biyu, Hajiya ta ce a kira malam, ƙanwa mai karatun jinya ta ce Yaya asibiti ya kamata a kai shi, matarsa kuma ta san wani abu da take tsoron faɗa. Ba dole ne ɗaya ya zama mugu ba, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A nan rikici yake, a nan tausayi yake.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta fitowa ɗaya, kada ta wuce kalma 300, a kan daren da irin wannan iyali za su yanke shawara. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ambaci sunan ciwon, kuma kada a hukunta kowa. A ajiye a ƙarƙashin wannan maƙala, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma yake da mara lafiya mai irin waɗannan alamomi a gida, ya bar rubutun tukuna, ya kai shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.